Gawa Ba Ta Magana

Tun da sassafe Philippa Garside ta baje ambulan goma sha biyu a kan teburin cin abinci, tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana manne bakinsu da jan kaki. Idan ka ga matar nan tana murmushi ita kaɗai, to ka shirya yi wa wani jaje. Shekara talatin na san ta, shinge ɗaya ya raba gidana da lambunta a ƙauyenmu na Marlcombe, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da "don Allah" da "na gode" take yanka mutum, har ya koma gida bai san an yanke shi ba.

Asabar ce ta farko a watan Yuni, ranar wasan kisan kai. Shekara ashirin da uku ke nan tana shirya shi. Takan zaɓi wani zamani da ya shuɗe, ta ƙirƙiro labarin kisa, ta ba kowane baƙo matsayinsa a cikin ambulan, a zo cikin shigar zamanin, a ci a sha, a yi ta tuhumar juna har a kama mai laifi. A wannan karon shekarar 1924 ta zaɓa.

Dokokinta uku suna rataye a bangon falo, kowa a ƙauyen ya haddace su. Ba mai fita daga matsayinsa sai ƙararrawa ta kaɗa. Abin da ke cikin katinka dole ka karanta shi a gaban kowa. Gawa ba ta magana, ba a kuma yi mata tambaya. Akwai ta huɗu da ba a rubuta ba: koriyar kwalbar da ake kira guba, wadda ba komai a cikinta sai shayi mai sanyi, duk wanda ya kurɓa ya mutu ke nan. Wata shekara ƙishirwa ta sa mijinta Alban ya sha bisa kuskure, ta kuwa kwantar da shi a ƙarƙashin fiyano awa ɗaya da rabi, ga shi da ciwon gwiwa. Har yau ana tsokanarsa da wannan.

Abin da ba a tsokana da shi kuwa, wanda ya karya wasan ba ya sake taka gidan. Babban ɗanta ya taɓa kawo wata yarinya, ta fashe da kuka a tsakiyar wasa ta fita. Tun daga ranar Philippa take girgiza kai cikin tausayi tana cewa wai yarinyar ba ta san wasa ba. Ba a yi auren ba.

A wannan karon autanta Rufus ne ya kawo tasa budurwar. Carys Bevan sunanta, 'yar Wales ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Can Rufus ya gan ta, lokacin da kakarsa take jinyar ajali. Kakar ce da hannunta ta zare zobenta ta ba shi, ta ce ya sa wa yarinyar nan mai sanyin hannu. Zoben nan shi ne ya tsaya wa Philippa a maƙoshi, domin ita tuni ta gama auna shi da ido a yatsan Henrietta, 'yar maƙwabtansu masu dawakai.

A watan Afrilu ta gayyaci Carys shan shayi, su biyu kawai. Ta riƙe mata hannu, ta ce daga yau ta ɗauke ta uwa. Yarinyar da ta shekara goma sha biyu ba ta ji wannan kalma ba, sai ta saki jiki ta zazzage cikinta. Ta ce sunan mahaifiyarta Nesta, giya ta ci ƙarfinta bayan mijinta ya gudu ya bar su. Ta faɗi yadda ta dawo daga makaranta tana 'yar shekara goma sha huɗu ta tarar da ita kwance a ƙasan kicin, kwalba a gefen hannunta, jiki ya riga ya yi sanyi. Ta faɗi i'inar da ta kama ta daga ranar, har shekara uku ba ta iya furta sunanta a jere. Philippa har da share hawaye. Ashe macijin ƙaiƙayi ce, duk abin da aka gaya mata adanawa take yi.

Ƙarfe goma sha biyu na rana muka hallara. Garmaho yana kiɗa, mata sun sha gajerun riguna masu ƙyalli da gashin tsuntsu a ka, maza da baƙaƙen kwat da gashin bakin mannawa. Ni aka ba ni matsayin kuku. Alban shi ne maigida, Rufus magajinsa, Henrietta kuma budurwar da magajin zai aura a cikin labarin. Philippa, kamar kullum, ita ce sufeton 'yan sanda.

Carys ta iso cikin shuɗiyar rigar da ta yi mako guda tana jera mata duwatsu da hannunta. Philippa ta yaba rigar sosai, sannan ta miƙa mata wata baƙa da farin ƙyallen gaba irin na 'yan aiki, ta ce ai nata matsayin ya fi na kowa muhimmanci. A gindin matakala yarinyar ta fasa ambulan ɗinta. Layi biyu ne kacal a katin: "Ke ce Nesta, 'yar aikin gida, mashayiya. Bayan an sha miya za a tsinci gawarki a ƙasan kicin."

Rufus ya karanta ta saman kafaɗarta. Ya fara cewa ƙila dace aka yi, Mami ba za ta yi haka da gangan ba. Carys ta dube shi kawai, shi da kansa ya haɗiye sauran maganar. Sai ya sauke murya ya shiga roƙo. Ya ce ta daure, 'yan awoyi ne. In ta fita yanzu Mami ta samu abin da take nema, za a ce ita ma ba ta san wasa ba. In kuwa ta kai ƙararrawa, ba mai sauran bakin magana a kan aurensu.

"Zan kwanta, Rufus," in ji ta. "Amma ka tuna kunnuwana a buɗe suke. Ba tasu maganar zan saurara ba, taka nake jira."

Bayan miya matar fasto ta kurma ihun da aka rubuta mata, muka ruga kicin muna dariya. Ga Carys nan kwance a kan daɓen dutse, wanda ko a tsakiyar Yuni sanyinsa yana ratsa takalmi. Philippa ta durƙusa ta ajiye koriyar kwalbar a gefen hannunta. Ta ja da baya ta duba, ta dawo ta gyara mata zama sau biyu, sai da ta tsaya daidai inda take so.

Daga nan sufeto ta fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi dalilin da zai sa ya kashe 'yar aiki. Wani ya karanta cewa tun da safe take warin giya. Wani ya ce mijinta gudu ya yi, domin ba namijin da zai iya zama da ita. Henrietta ta karanta cewa Nesta ɓarauniya ce, ga ma zoben gado can a yatsanta. Mu duk mun ɗauka ƙage ne irin na kowace shekara, saboda haka kowa ya dinga ƙara gishiri don a yi dariya. Mutum uku ne kawai a ɗakin suka san gaskiya: mai tambayar, da wadda ke kwance, da Rufus, wanda ya maƙale a bakin taga yana juya kofin ruwa a hannu.

Sai aka zo kaina. Zan faɗa, ko da yake har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Katina ya ce in kwaikwayi 'yar Nesta, wata yarinya mai i'ina da take zuwa ƙofar kicin neman uwarta. Na kuwa zage na yi. Na lanƙwashe wuya, na ƙyafta ido, na ce, "I-i-ina Ma-ma-mamata?" Ɗakin ya ɗauka da dariya, fasto har da riƙe ciki. Na sunkuya don in karɓi tafi, a nan idona ya sauka a kan fuskar gawa. Idanunta a rufe suke, amma hawaye yana gangarowa a hankali yana shiga kunnenta, farcenta kuma ya kafe a tsagar dutse. Nan take na gane ba ƙage ba ne.

To me na yi? Ban yi komai ba. Mu mutanen nan mun gwammace a binne mu da rai da a ce mun tayar da fitina a gidan da aka ba mu abinci. Na ninke katina na koma bayan mutane.

Da aka koma tebur cin gasasshen naman rago da dankali, a can ƙasa aka bar ta. Alban ya tambaya ko a kai wa yarinyar ɗan abinci, ko a shimfiɗa mata bargo. Philippa ta yi dariya ta ce tun yaushe gawa ta fara cin rago. Rufus ya sunkuyar da kai yana ta yanka nama ƙanana-ƙanana, ko loma ɗaya bai kai baki ba. Sau biyu ya ture kujera kamar zai tashi, sau biyu uwarsa ta kira sunansa a hankali ya koma ya zauna. Allah ya sani na tsane shi a lokacin, na kuma tsani kaina tare da shi.

Ina kwashe faranti, da yake ni ce kuku, sai na ji muryar Philippa a cikin kicin. Na tsaya a bayan ƙofa. Tana tsaye a kan yarinyar, tana zuba romo a kwano kamar ba da kowa take ba.

"Ƙofar baya a buɗe take, 'yata. Bas ɗin ƙarfe uku da kwata yana tsayawa a bakin coci. Ki bar zoben a kan teburi ki tafi abinki, ba wanda zai ga laifinki. Na san daɓen nan da sanyi. Ke ma ai kin sani."

Carys ko gashin idonta bai motsa ba. Ƙarfe uku da kwata ya yi, muka ji bas ya tsaya a bakin coci, muka ji ya tashi. Philippa ta kalli agogo, ta matse leɓe, ta ce a kawo kayan zaƙi.

Ƙarfe huɗu ta tara mu duka a kicin don warware magana. Ta zaga gawar sau ɗaya tana jero hujjoji, sannan ta nuna Rufus da sandarta ta ce ga mai kisan nan. Aka tafa. Ta zaro ambulan na ƙarshe, mai ruwan zinariya, wanda mai laifi ke karantawa kafin a kaɗa ƙararrawa, ta miƙa masa. Ni ina tsaye a bayansa, na ga abin da ke ciki da idona: "Ni na kashe ta, domin ina jin kunyar a gan ni da ita. Irinta ba su shiga dangi, sai dai su share masa ƙasa. Yanzu ka durƙusa, ka zare zoben daga yatsanta, ka sa wa Henrietta."

Ya daɗe yana kallon katin. Uwarsa ta ce, da muryar nan tata mai zuma, "Muna jiranka, Rufus. Wasa ne kawai."

Sai ya durƙusa. Na ga Carys ta ji ƙarar gwiwarsa a kan dutse. Abin da ta yi shi ne ya fi komai karya min zuciya: a hankali ta miƙe yatsan zoben, ta ware shi daga sauran, don kada ya sha wahalar zarewa. Ta riga ta fid da rai.

Hannunsa ya nufi nata, ya wuce shi, ya ɗauki koriyar kwalbar. Ya kafa kai ya kurɓa, ya ajiye, ya miƙe a kan daɓen kusa da ita, kwat ɗinsa da komai. Ya kama hannun nan mai zobe ya ɗora a ƙirjinsa, ya rufe ido.

Wani ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru. Philippa ta ce ya tashi, bai karanta katinsa ba. Ba amsa. Ta ce kada ya mayar da kansa yaro a gaban baƙi. Ba amsa. Ta fara jawo masa doka ta biyu, sai Alban, mutumin da shekara talatin ban taɓa jin ya musa mata ko a kan gishiri ba, ya yi gyaran murya.

"Ta ukun fa, Philippa? Ke kika rubuta ta. Ba a yi wa gawa tambaya."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki kwalbar, ya ce wancan karon kuskure ne, wannan kuwa da gangan. Ya sha, ya dafa teburi, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwanta a ɗaya gefen yarinyar.

Ni ce ta uku, kuma ban cancanci yabo ba, domin na makara. Henrietta ta cire gashin tsuntsun da ke kanta, fuskarta ta yi ja don kunya, ta ce ita ba ta taɓa roƙon zoben da aka ciro daga yatsan wata ba. Ita ma ta sha. Kafin kwalbar ta kai hannun fasto da matarsa shayin ya ƙare, amma suka kai ta baki haka nan suka kwanta. Mutum biyu suka sulale ta ƙofar lambu, sauran duk muka jeru a ƙasa, kai da ƙafa, tsakanin murhu da teburi. Sai a lokacin na san irin sanyin da yarinyar nan ta kwanta a kai awa uku.

Philippa ta rage ita kaɗai a tsaye, da sandarta. Ta kira mu da sunayen wasa, ba wanda ya amsa. Ta kira mu da sunayenmu na gaskiya, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce abin ya isa haka, ta ji, an yi raha. Ta ce shayi zai huce. Ta ce, "Alban, don Allah." Ba ka jin komai sai agogon bango da garmahon da ya gama waƙa yana ta ƙarzar faifai a falo. Ban san minti nawa aka yi ba. Daga ƙarshe muka ji takunta ta fita, sannan ƙararrawa ta kaɗa, kaɗawa ɗaya marar ƙarfi. Shekara ashirin da uku, ranar ce ta farko da aka tashi wasa ba a ji bakin mai laifi ba.

Carys ta yunƙura, ƙafafunta sun mutu, sai da Alban da Rufus suka tallafe ta. Ta kwance farin ƙyallen, ta ninke shi da kyau ta ɗora a teburi, daidai inda aka ce ta bar zobe. Philippa tana bakin ƙofa. Yarinyar ta dube ta, ta yi magana ba i'ina ko ɗaya.

"Nesta Bevan sunan mahaifiyata. Ba ta taɓa ɗaukar kayan kowa ba, kuma ta iya rawa. Na gode da gayyata, Misis Garside."

Kada ku ɗauka Rufus ya tsira cikin sauƙi. Ya bi ta har bakin shinge yana roƙon ta shiga mota, ta ƙi. Ta ce masa ta ga abin da ya yi, kuma ba za ta manta ba, amma ya makara da awa uku, ita kuma sai ta ga ko za ta iya manta wannan. Bas ɗin ƙarfe biyar da kwata ta hau, zoben yana yatsanta. Wata takwas ta bar shi yana jira. Ya kwashe kayansa daga gidan uwarsa ya kama ɗaki a gari, kowace Lahadi yana gidan tsofaffi yana wanke kofunan shayi, ba ya tambayarta komai. Ni ma na je neman gafara, na kasa haɗa ido da ita. Ta zaunar da ni, ta zuba min shayi, ta tambayi ciwon bayana. Da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da Yuni ya zagayo Philippa ta sake aika ambulan goma sha biyu. Duk suka dawo mata da kakinsu a manne, kowanne da 'yar takardar ban haƙuri mai ladabi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A ƙarshen Agusta na gan ta a ƙofar kicin ɗina, ta rame, tana riƙe da wani ambulan mai jan kaki da aka jefo mata da safe. Rubutun Carys ne a bayansa, saura mako uku bikinta da Rufus. Ta ce in buɗe mata, ita ba za ta iya ba. Mugu shi ya san makwancin mugu, ta san abin da ita za ta rubuta da ita ce. Na fasa, na karanta mata: "Ke ce uwar ango. Kujerarki tana sahun gaba. Babu abin da za ki karanta."

Ta zauna a kan kujerata ta yi kukan da ban taɓa zaton tana da shi ba.

To 'yan mata da samari, ga abin da na kwasa a ƙasan kicin ɗin nan. Sirrin da aka ba ka da hawaye amana ne, wanda ya mayar da shi abin dariya ramin kansa yake ginawa. Wanda ya ga ana zalunci ya yi shiru don kada a ce ba shi da ladabi, da shi aka yi, ni shaida ce. Saurayin da yake son yarinya kuma kada ya jira sai ambulan na ƙarshe, domin ba kowace ba ce za ta kai ƙarfe huɗu. Carys ta kai, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa. Ranar bikin Philippa ta zauna a sahun gaba tun daga coci har aka watse, amarya da hannunta ta kai mata yankan kek, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta iya furtawa ba.